Likita ya ce shawara tawa ce: in yi gwajin PSA ko in bari?

Mai Shago a Agege:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekaruna 52, ina sayar da hatsi a Agege, kuma alhamdu lillahi ba ni da wata lalura sai hawan jini da nake shan maganinsa. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, yana da shekara 63 lokacin da ya fara kukan ciwon baya da ƙugu. An daɗe ana ba shi maganin sanyi da na basir a gida, kuma sai da tafiya ta gagare shi sannan muka kai shi babban asibiti, inda aka gaya mana cewa kansar furostet ce, wadda mutanenmu suka fi kira kansar mafitsara, kuma ta riga ta shiga ƙashi. Bai cika shekara biyu ba bayan haka Allah ya karɓi abinsa.

Makon jiya na je ƙaramin asibitin unguwarmu domin a auna mini jini, sai na tambayi likita game da gwajin PSA, wato gwajin jini na neman wannan cuta, da nake ji ana magana a rediyo. Na ɗauka nan take zai rubuta mini takarda in wuce wurin ɗibar jini. Maimakon haka sai ya ce gwajin yana da amfani kuma yana da illa, in je in yi tunani in dawo, domin shawarar tawa ce. Layi ya yi tsawo a bayana, don haka ban samu damar ƙara tambayarsa ba.

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, ta yaya ɗibar jini cikin sirinji zai zama yana da illa? Tun tasowarmu muke jin cewa gano cuta da wuri shi ne rabin magani. Fitsarina lafiya lau yake, sau ɗaya nake tashi da dare, to shin hakan yana nufin ba ni da buƙatar gwajin? Kuma gaskiya ne cewa dole sai likita ya saka yatsa ta dubura? Wannan na ƙarshen yana cikin abin da ya sa na daɗe ina ja da baya. Ina roƙon masu ilimin abin su yi mini bayani.

Likitan Iyali:

Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ciwon da ya sha ya zama kaffara. Abokin aikina bai kore ka ba, abin da ya gaya maka shi ne abin da aka koya mana, sai dai magana ce da ke buƙatar zama na minti 15, shi kuwa da wuya ya samu 5 ga kowane marar lafiya.

Furostet wani ɗan ƙulli ne da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, kewaye da bututun da fitsari yake bi, kuma yana samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. PSA wani sinadari ne da wannan ƙulli yake fitarwa, kaɗan daga cikinsa yana shiga jini. Gwajin yana auna yawan sinadarin ne kawai, ba ya ganin ita cutar kansar. Yawansa yana hawa idan akwai kansa, amma yana hawa idan ƙullin ya girma saboda shekaru, ko akwai ƙwayoyin cuta a mafitsara, ko an saka robar fitsari, har ma bayan saduwa da iyali. Shi ya sa a cikin maza 4 da sakamakonsu ya hau, kusan 3 ba a samun kansa a jikinsu idan aka bincika. A ɗaya ɓangaren kuma, kusan mutum 1 cikin 7 da sakamakonsu ya fito daidai yana iya kasancewa da cutar.

Illar da ake nufi tana cikin abin da ke biyo bayan ɗibar jinin. Idan lamba ta hau, mataki na gaba yakan kai ga tsakuro ƙananan tsokoki daga ƙullin da allura domin a duba su, kuma wannan yana iya jawo zubar jini da zafi, wani lokaci da zazzaɓi mai tsanani da ke kwantar da mutum a asibiti. Abu mafi nauyi kuwa shi ne, kansar furostet ba iri ɗaya ba ce. Akwai mai saurin yaɗuwa, irin wadda alama ta nuna ita ta kama Baba. Akwai kuma mai tafiyar hawainiya, wadda mutum zai rayu da ita shekara 20 bai san tana nan ba har wani dalili dabam ya zama ajalinsa. Gwajin yana tono duka biyun, kuma da zarar an ce wa mutum yana da kansa, da wuya hankalinsa ya kwanta sai an yi tiyata ko gashi, wato ƙona cutar da hasken na'ura. Bayan tiyatar cire ƙullin, kusan mutum 1 cikin 5 yana samun yoyon fitsari mai ɗorewa, kusan 2 cikin 3 kuma suna samun raunin gaba. Wanda cutarsa ba za ta taɓa cutar da shi ba, ya ɗauki wannan nauyi ne ba tare da ya sami komai ba.

Amfanin ma an auna shi. A wani babban bincike da aka yi a ƙasashen Turai, an bi maza shekara 16, aka ga cewa gwajin ya rage mutuwa daga wannan cuta da kusan kashi 20 cikin 100. Idan aka mayar da shi lissafin mutane, sai an gayyaci maza kusan 570 zuwa gwaji, an kuma gano cutar a jikin 18, kafin a hana mutuwar mutum 1. Wani binciken da aka yi a Amurka bai nuna bambanci ba, amma yawancin waɗanda aka ware a matsayin marasa gwaji sun je sun yi abinsu a waje, abin da ya raunana sakamakon. Saboda irin wannan ne kwamitin ƙwararru na Amurka mai ba da shawara kan rigakafi ya ce a 2012 a daina gwajin ga masu lafiya, sannan a 2018 ya sassauta, ya ce mai shekara 55 zuwa 69 ya yanke da kansa bayan ya tattauna da likita, wanda ya kai 70 kuma a ƙyale shi. Irin wannan ne ya sa ake cewa "shawara taka ce".

Amma kai, Alhaji, ba ka cikin mutanen da ma'auninsu ya tsaya a tsakiya. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi cutar, haɗarinsa ya ninka na sauran mutane kusan sau biyu, musamman idan an gano ta kafin shekara 65 kamar yadda ya faru da Baba. Sannan baƙar fata sun fi kamuwa da ita: a Ingila an ƙiyasta 1 cikin 4 na maza baƙaƙe zai kamu a tsawon rayuwarsa, alhali a jimillar maza 1 cikin 8 ne. Ƙungiyar yaƙi da kansa ta Amurka tana ba masu irin yanayinka shawarar fara wannan magana tun suna shekara 45. Da a ɗakina ka zauna, da na gaya maka cewa ni na karkata ga ka yi, bayan na tabbatar ka fahimci abin da na lissafa a sama.

Lafiyar fitsarinka kuma kada ta ruɗe ka. Kansar takan fara ne a gefen ƙullin, nesa da bututun fitsari, don haka a farkonta ba ta nuna alama. Yawan tashi da dare da raunin fitsari sun fi zuwa daga girman ƙullin na shekaru, wanda ba kansa ba ne. Batun yatsa kuwa, gwajin jinin shi ne matakin farko, kuma kana da ikon ka ce shi kaɗai kake so. Idan lamba ta hau ko akwai wata alama, likita zai iya neman ya duba, abu ne na ƙasa da minti ɗaya, kuma ba a yin sa sai da yardarka.

Tsohon Direba, Ijora:

Likita, Allah ya saka da alheri, da na sami mai yi mini wannan bayani shekara huɗu da suka wuce da ban sha wahalar da na sha ba. Shekaruna 67 yanzu. Wata ƙungiya ta zo tasharmu ta kafa rumfa tana gwaji kyauta, muka yi layi kowa ya ba da jininsa, ba wanda ya tambaye mu komai kuma ba wanda ya gaya mana abin da za a yi da sakamakon. Bayan kwanaki aka kawo takardu, tawa an zagaye lamba 9 da jan biro, an rubuta in ga likita. Wani yaro da ya yi boko ya duba ya ce mini duk abin da ya wuce 4 kansa ce.

Na yi kusan wata biyu ba na barcin kirki. Ban gaya wa iyalina ba, na fara raba wa yara abin da na mallaka a zuciyata, kuma na kashe kuɗi masu yawa wajen masu sayar da magani a mota da lasifika, waɗanda ke cewa suna wanke mafitsara. Daga ƙarshe babban ɗana ya lura na rame, ya matsa mini har na faɗa masa, ya kai ni wurin likitan mafitsara. Tambayar farko da ya yi mini ita ce ko ina jin zafin fitsari a lokacin da aka ɗebi jinin, kuma lallai ina ji. Aka auna fitsari aka sami ƙwayoyin cuta, na sha magani, aka jira makonni aka sake gwajin, lambar ta sauko sosai. Abin da ya rage shi ne ƙullin ya girma, ina shan ƙwaya ɗaya kullum da dare kuma ina komawa a duba ni.

Saboda haka ƙanena, shawarata ita ce idan za ka yi, ka yi shi a hannun likitan da zai karɓi takardar ya zauna da kai, wanda ka san inda za ka same shi gobe. Gwajin rumfa ba laifi ba ne ga wanda ba shi da hali, amma wanda zai ɗebi jinin mutane ya kamata ya tanadi wanda zai yi musu bayani a harshen da suke ji, domin da yawa daga cikinmu a tasha ba ma karanta Turanci.

Ma'aikaciyar Jinya, Idi-Araba:

Baba, sannu da wannan jarrabawa, Allah ya ƙara lafiya. Ina so in ƙara wani abu a kan maganar Likita, ba don na saɓa masa a kan alƙaluma ba, sai don ina tsoron yadda wasu za su karanta su.

Duk binciken da aka ambata an yi su ne a ƙasashen da aka yi shekaru ana auna maza da yawa. A Amurka an amince da amfani da PSA wajen neman cutar tun 1994, kuma damuwarsu ta zama cewa suna gano ta fiye da kima, suna yi wa mutanen da ba su buƙata tiyata. Mahalarta waɗannan bincike kuma galibinsu fararen fata ne. Mu namu halin dabam ne. Na yi shekaru ina aiki a ɗakin maza, kuma waɗanda nake gani ba mutanen da aka yi wa tiyata ba gaira ba dalili ba ne. Dattawa ne da ake kawowa a kan keken marasa lafiya, fitsari ya toshe, ƙafafu sun mutu saboda cutar ta danne lakar baya, 'ya'yansu suna tambaya ko akwai abin da za a yi. Kansar furostet ita ce kansar da ta fi yawa a tsakanin mazan Najeriya, kuma ƙiyasin hukumar binciken kansa ta duniya na shekarar 2020 ya nuna sababbin kamuwa fiye da 15,000 da mutuwa fiye da 8,000 a ƙasar nan. Ku dubi kusancin waɗannan lambobi biyu. A wani bincike da likitocin mafitsara suka yi a cikin unguwannin Legas, wanda aka buga a 2013, an auna maza fiye da 4,000, kuma yawancin waɗanda aka samu da cutar ta riga ta fita daga cikin ƙullin.

Abin da nake gudu shi ne likita ya ce wa mutum "je ka yi tunani", mutumin kuma ya ji kamar an ce masa babu buƙata. A al'adarmu idan babba ko masani bai ce ka yi ba, to ka ɗauka ya ce ka bari. Mutumin da ya rufe shagonsa, ya shiga cunkoson Legas, ya yi awa uku a layi, ba lallai ne ya sake dawowa don ya ce ya gama tunani ba. Ina ganin haƙƙi ne a kan ma'aikatan ƙananan asibitoci su tambayi duk namijin da ya haura 45 ko akwai mai wannan cuta a gidansu, su faɗi ra'ayinsu a fili kamar yadda Likita ya yi a nan, sannan su bar masa zaɓi. Ba wa mutum zaɓi ba tare da ba shi haske ba, sakin hannunsa ne a cikin duhu.

Kuma ina kira ga mata da ke karantawa. Sau da yawa mu ne muke fara lura cewa maigida yana yawan fita bayi da dare, ko yana daɗewa, ko akwai jini a fitsarinsa. Wanda yake da irin waɗannan alamu, ko ciwon baya da ƙugu da ya ƙi jin magani tare da rama, maganarsa ta wuce ta zaɓin gwaji, ganin likita ya zama dole.

Mai Shago a Agege:

Na gode ƙwarai Likita, na gode Baba, na gode Hajiya. Hajiya ta faɗi gaskiya, domin da na fito daga asibitin a zuciyata na riga na ce shi ke nan, tunda likita bai matsa ba. Yanzu na yanke zan koma in yi. Sai dai maganar yoyon fitsari ta tsaya mini a rai fiye da komai, saboda ina tunanin alwala da sallar jam'i, ga kuma haƙƙin iyali. Idan aka sami cutar, shin dole ne a yi tiyata nan take? Kuma akwai wani shiri da ya kamata in yi kafin in je?

Likitan Iyali:

Na yarda da Hajiya a kan cewa shirun likita ana fassara shi da hani, kuma wannan gyara ne da na karɓa. Abin da zan ƙara kawai shi ne, ƙarancin kayan aiki a wurinmu yana ƙara nauyin ɓangarorin biyu. A ƙasashen da suka ci gaba yanzu ana ɗaukar hoton cikin jiki da na'urar MRI kafin a kai ga allura, wanda ke kare mutane da yawa daga tsakuro tsoka ba bisa buƙata ba. A Legas akwai na'urorin, amma kuɗinsu ya fi ƙarfin yawancin masu zuwa ƙananan asibitoci. Don haka nake son mutum ya san tun farko cewa gwajin jinin shi ne mafi arha a cikin tafiyar, ya kuma bincika abin da inshorarsa ta ƙunsa idan yana cikin tsarin Ilera Eko na jihar Legas ko na tarayya.

Alhaji, samun cutar ba ya nufin tiyata gobe. Idan aka duba tsokar, ana ba ta maki gwargwadon muninta, a haɗa da lambar PSA da abin da hoto ya nuna. Idan mai sauƙi ce kuma tana cikin ƙullin, hanyar da aka fi ba da shawara a yau ita ce sa ido: a riƙa maimaita gwajin jini, a sake hoto ko tsakuro tsoka lokaci zuwa lokaci, ba a taɓa ta sai ta nuna alamar motsi. A Birtaniya an raba maza fiye da 1,600 masu cutar da ba ta yaɗu ba zuwa gida uku, wasu tiyata, wasu gashi, wasu sa ido. Bayan shekara 15, a sakamakon da aka fitar a 2023, kusan 97 cikin 100 ba su mutu da cutar ba, kuma babu wani bambanci mai yawa tsakanin gidajen uku, ko da yake ta fi yaɗuwa a cikin waɗanda aka sa wa ido, kuma da yawansu sun koma ga magani daga baya. Ma'anar wannan ita ce akwai lokacin yin tunani da neman ra'ayin likita na biyu. Babban limamin cocin nan na Afirka ta Kudu, Desmond Tutu, an gano masa cutar a 1997, ya kuma rayu har ƙarshen 2021 yana da shekara 90.

Sharaɗin sa ido shi ne riƙe alƙawari. Wanda zai koma gida Arewa ya yi shekara uku ba a gan shi ba, wannan hanya ba ta dace da shi ba, kuma gara ya faɗa wa likita gaskiyar yanayin zirga-zirgarsa. Idan kuwa cutar mai zafi ce, to magani ya zama wajibi, kuma ana yin tiyata da gashi a nan Legas. Asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba yana da cibiyar kansa da aka buɗe a 2019, LASUTH da ke Ikeja ma yana da sashen likitocin mafitsara. Yoyon fitsari bayan tiyata yakan ragu sosai cikin watanni ga mafi yawan mutane, akwai motsa jiki na musamman da ke taimakawa, raunin gaba ma akwai magungunansa. Game da alwala, malamai sun yi bayanin sauƙin da shari'a ta yi wa mai lalurar yoyon fitsari, kuma ya fi kyau ka ji shi daga bakin malamin da ka amince da shi.

Shirin da za ka yi kaɗan ne. Ka ƙaurace wa iyali da motsa jiki mai tsanani kwana 2 kafin ɗibar jinin. Idan kana jin zafin fitsari ko zazzaɓi, a fara magance shi, a jira kamar mako 6, domin kada abin da ya sami Baba Direba ya same ka. Ka tafi da duk magungunan da kake sha, har da na gargajiya, saboda akwai magungunan rage girman furostet, irin su finasteride, da ke saukar da lambar kusan rabi, su ɓoye gaskiyar lamarin. Ba a buƙatar azumi.

Idan sakamako ya fito, kada ka ba wani a kasuwa ya fassara maka. Lamba 4 da ake yawan ambata ba katanga ba ce. A shekarunka wasu likitoci suna fara bincike tun daga 3, kuma lamba ɗaya da ta hau kaɗan ana maimaita ta ne bayan wasu makonni kafin a ɗauki wani mataki. Idan ta fito ƙasa, akan sake bayan shekara 2 zuwa 4, amma saboda tarihin mahaifinka likitanka zai iya rage tazarar. Ka adana kowace takarda da kwanan watanta a wuri ɗaya, domin yadda lambar take tafiya cikin shekaru yana gaya mana abin da gwaji ɗaya ba zai faɗa ba. Idan kana da 'yan uwa maza da suka haura 45, ka sanar da su ainihin cutar da ta kama mahaifinku, kuma idan akwai mata a dangi da suka yi kansar mama ko ta ƙwan mahaifa, ka gaya wa likita, domin wani lokaci gado ɗaya ne yake haɗa su.

Mai Shago a Agege:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Ina da ƙanne biyu, ɗaya a Mile 12 ɗaya a gida, kuma na tabbata har yau suna ɗauka ciwon baya ne ya kashe mahaifinmu, domin a lokacin ni kaɗai likitoci suka yi wa bayani kuma ban ga amfanin faɗa ba. Zan kira su a daren nan. Ranar Talata nake da komawa karɓar maganin hawan jini, zan je da wuri kafin layi ya taru, in gaya wa likitan tarihin Baba, wanda na lura ban ma ambata masa ba a zuwan farko.